Rabin Aji: Yara Sun Zo, Ina Malamansu?



Yau maganarmu a kan ƙananan yara take, 'yan shekara 4 zuwa 5, waɗanda muka saba kira 'yan rabin aji a makarantun firamare na gwamnati. A takardun hukuma sunan ajinsu ajin share fagen shiga firamare. Duk wanda ya taɓa ratsawa ta gefen firamaren gwamnati a Kano ko Zariya ko Gusau da hantsi ya san su. Muryarsu ce ta fi ta kowa tashi, suna maimaita abin da malama ta faɗa. Yawancinsu a ƙasa suke zaune, wasu da kayan makaranta, wasu da na gida, wani kuma yana riƙe da gefen hijabin yayarsa, ya ƙi yarda ta tafi nata ajin.

Wannan aji ba alfarma ba ce wani shugaban makaranta ya yi wa unguwa. Doka ce ta kafa shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta samar da hukumar UBEC, ta sanya kula da ƙananan yara da ilmantar da su a cikin abin da ake nufi da ilimin tushe. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa ta musamman a kan rainon yara daga haihuwa zuwa shekara 5. Sai manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta mayar da shekara 1 ta share fage wani ɓangare na karatun da yake kyauta kuma wajibi, ta kuma ƙayyade cewa malami 1 zai riƙe yara 25, kuma da wasa za a koyar da su. Najeriya ta sa hannu a muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ta yi alkawarin cewa kafin 2030 kowane yaro, mace da namiji, zai samu wannan shiri kafin ya shiga aji 1. Maƙwabtanmu na Gana ma sun daɗe da sanya shekara 2 ta share fage a cikin karatun dole.

To, a takarda ke nan. Bari mu shiga ajin.

Abu na farko da ya kamata a faɗa, domin ba a cika faɗarsa ba, shi ne iyaye sun amsa kira. An sha zargin talakan Arewa da ƙin boko, amma je ka ƙofar ofishin hedimasta a makon farko na sabon zango ka ga layin mata da yara. Uwa mai sana'ar ƙosai ko mai zuwa aikatau tana neman inda za ta ajiye ɗanta cikin aminci daga safe zuwa azahar. Uba ya je ya tambayi kuɗin makarantar kuɗi, ya ji abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, ya dawo ta gwamnati. Akwai kuma wata riba da ba a lissafa ta: duk yaron da ya samu gurbi a rabin aji, ya 'yantar da wata yarinya 'yar shekara 9 ko 10 da za a tsare a gida ta yi goyonsa. Karatun 'ya'ya mata da muke ta kuka a kai, wani sashensa a ƙofar wannan ajin yake ɗaure.

Mun ga irin wannan amsa a Kaduna a farkon 2016, lokacin da gwamnatin jihar ta fara ciyar da 'yan firamare. Makarantu suka cika suka batse cikin 'yan makonni, har makarantar Rigasa ta shiga bakin duniya saboda yaranta sun haura 20,000. Abin da wannan ya nuna shi ne, kawo yara ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne abin da za su tarar idan sun zo. Shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya kuwa, wanda shi ma aka fara a 2016, 'yan aji 1 zuwa 3 ya shafa. Mafi ƙanƙanta a makarantar, waɗanda jikinsu da ƙwaƙwalwarsu suka fi kowa buƙatar abinci, ba su cikin lissafi. Wannan kuskure ne, kuma duk ranar da aka zauna gyaran shirin, daga nan ya kamata a fara.

Duk da cikar da ajujuwan suka yi, waɗanda ke waje sun fi waɗanda ke ciki yawa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa yara 'yan shekara 3 zuwa 4 da ke halartar wani nau'in karatun share fage ba su kai kashi 40 cikin 100 ba a faɗin ƙasar, kuma jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne suka ja adadin ƙasa. Wato ajin da muke cewa ya yi cunkoso, bai ma ɗauki rabin masu haƙƙi a kansa ba.

Rajistar kanta tana da nata ciwon. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, don haka har gobe akwai inda ake sa yaro ya ɗora hannu a ka ya taɓo kunnensa don a gane ko ya isa. Ga 'yan rakiya, 'yan shekara 2 ko 3 da suka biyo yayyensu, waɗanda hedimasta ba zai iya kora ba domin mai unguwa ne ya roƙa, ko don ya san halin da gidan ke ciki. Ga kuma ɗan shekara 7 da bai taɓa zama a aji ba, aka ce ya fara daga nan. Duk a ɗaki ɗaya. Sunan da ke cikin rajista kuma daban, fuskar da ke zuwa kullum daban. Ranar kasuwa aji ya rage, da damina ya ƙara raguwa. Amma adadin rajistar nan shi ake aikawa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, daga nan a karanta shi a taron manema labarai a matsayin nasara.

Ni kuwa, masu sauraro, ina ganin duk jami'in da ya faɗa mana yawan yaran da aka ɗauka bai faɗa mana yawan malaman da aka ba su ba, rabin labari ya ba mu. Kuma rabin da ya ɓoye shi ne mai nauyin.

Wa ake turawa rabin aji? Ku tambayi duk wanda ya yi aikin koyarwa a firamare, zai gaya muku. Idan an zauna rabon ajujuwa, ƙwararrun malamai ana kai su aji 5 da 6, saboda can ne jarrabawa take, can ne sunan makaranta yake fita. Rabin aji sai ya samu wanda ya rage: malamar da ta kusa ritaya kuma ƙafa ta fara ba ta matsala, ko mai jego da aka ce a sassauta mata, ko 'yar sa-kai da ƙungiyar iyaye da malamai ke ba wa ɗan abin sabulu idan an samu, ko ɗalibar kwalejin ilimi da ta zo gwajin koyarwa na 'yan watanni ta tafi. A zamanin shirin N-Power an cike wasu guraben da matasan da shirin ya ɗauka, da wa'adinsu ya ƙare gurbin ya koma yadda yake. Ban faɗi wannan don in rage darajar waɗannan mata ba. Wallahi da yawansu suna yin abin da ya fi ƙarfin albashinsu, da kuɗinsu suke sayen alli, da zanensu suke share wa ɗan wani majina. Laifin yana kan tunanin da ya ɗauka cewa koyar da ƙaramin yaro aiki ne da kowa zai iya, tunda ai wasa ne da waƙa.

Mai noman rani a Kadawa ya san cewa bedin da ya yafa irin tumatir a ciki shi ya fi ko'ina buƙatar ido, kuma ba ya barin sa a hannun ɗan ƙwadagon da ya zo jiya, domin dashen da ya fito a raunane ba takin da zai gyara shi daga baya. Mu kuwa a makarantunmu, nan ne muke ajiye wanda muka rasa inda za mu kai.

Ku duba abin da ake nema daga malamar wannan aji. Ita ce za ta koya wa yaro riƙon fensir, hannun da bai taɓa riƙe komai ba sai cokali da dutse. Ita za ta koya masa ya jira a gama magana kafin ya yi tasa, ya bi layi, ya nemi izinin zagayawa, ya wanke hannu. Ita za ta sa ya ji cewa kalmar "baba" da kalmar "bebe" da sauti ɗaya suka fara, wanda shi ne ƙofar karatu tun kafin a nuna masa harafi. Ita za ta ba shi 'ya'yan tsamiya ko marafan kwalba ya ƙirga da hannunsa, ya gane cewa 5 ba waƙa ba ce, abubuwa ne guda biyar. Ita ce mutum na farko a wajen gida da zai lura cewa wannan yarinyar ba taurin kai take yi ba, kunnenta ne ba ya ji sosai, wancan yaron kuma da yake matsowa gaban allo kullum idonsa ne yake da matsala, wancan mai yawan barci bai karya kumallo ba. Wannan aiki na ilimi ne da horo, shi ya sa hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa ta amince da kwas na musamman a matakin NCE domin malaman ƙananan yara, kuma kwalejoji da dama suna yaye ɗalibai a kansa.

Ina waɗannan ɗaliban suke zuwa? Da yawa makarantun kuɗi ne suke kwashe su a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Wasu suna zaune a gida da takardunsu. Waɗanda suka yi sa'a gwamnati ta ɗauka kuma, sai a tura su aji 4 su koyar da lissafi, domin wanda ya yi rabon bai duba abin da suka karanta ba.

Mu yi ɗan lissafi. A ce yara suna zama awa 4 a rana, minti 240 ke nan. Idan su 25 ne kamar yadda manufa ta ce, kowane yaro zai iya samun kusan minti 10 na hankalin malamarsa. Idan su 100 ne, wanda ba baƙon abu ba ne a manyan garuruwanmu, kowane yaro bai kai ga minti 3 ba, kafin ma a cire lokacin rabon faɗa da rarrashin mai kuka da raka wani bayan gida. A irin wannan hali malama ba ta da zaɓi sai biyu: tsumagiya da amshi. Ta faɗa su amsa, ta faɗa su amsa, har a tashi. Yaro ya shekara yana rera haruffa daga farko har ƙarshe, amma ka nuna masa ɗaya a tsakiya ka ce mene ne wannan, ya yi shiru. Mafi muni, ya fita da darasin da zai bi shi har girma, cewa makaranta wuri ne na tsoro da hayaniya.

A garin Ipsilanti na jihar Mishigan a Amurka, an fara wani gwaji a 1962 da yara 123 'ya'yan talakawa baƙaƙen fata. Aka sa kusan rabinsu a ajin share fage, aka bar sauran, sannan aka bi rayuwarsu shekaru da dama. Waɗanda suka shiga ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin yi, sun fi kauce wa gidan yari. Masana tattalin arziki irin su James Heckman sun yi ta kafa hujja da wannan gwaji. Amma abin da masu ambatonsa a wajen taro suke tsallakewa shi ne yadda ajin yake: malamai masu horo, kowane ɗaya da yara 5 ko 6, kuma duk mako malama tana zuwa gida ta zauna da uwar yaro. Ba ina cewa mu kai can gobe ba. Ina cewa ribar da ake faɗa daga malami ta fito, ba daga rubuta sunan yaro a rajista ba.

Me ya sa gini yake tashi amma malami ba ya zuwa? Dalilin yana cikin yadda kuɗin ke tafiya. Doka ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, kuma jiha ba za ta karɓi kasonta ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. Shekara da shekaru hukumar tana kokawa cewa biliyoyin naira suna kwance saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Idan an karɓa ma, mafi yawansa gini da kujeru yake tafiya, kuma abin da ƙa'idar rabon ta daɗe tana ware wa ƙananan yara kashi 5 ne kacal cikin 100. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Saboda haka mai gina aji daban, mai biyan malami daban. Gini ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto, sau ɗaya aka biya an gama. Malama kuwa nauyi ce ta kowane wata har ta yi ritaya. Shi ya sa ɗan siyasa ya fi son na farkon.

Lokacin da Kaduna ta yi wa malamanta jarrabawa a 2017, ta sallami fiye da 21,000, ƙasar nan ta yi ta muhawara a kan ko malami ya san abin da zai koyar. Muhawara ce mai amfani. Sai dai ba takardar jarrabawar da za ta nuna maka ko mace ta iya sa yara 25 su natsu ba tare da bulala ba. Wannan sai an shiga ajinta an zauna an gani, kuma masu duba makarantu ba su cika leƙa wannan ɗakin ba.

Yanzu mu dubi yaran kansu, domin ba iri ɗaya ba ne. Muna yawan magana kamar duk yaron Arewa da Hausa ya tashi. Je ka Maiduguri: ga mai Barbarci, ga mai Shuwa, ga Babur da Margi, ga 'ya'yan mutanen Gwoza da rikici ya koro. Je ka Jos ko kudancin Kaduna ko Tafawa Ɓalewa ko Yola, ko Sabon Garin Kano inda ɗan Ibo da ɗan Bayarabe da ɗan Igala suke zama a tabarma ɗaya. Je ka ƙauyen da ke kusa da ruga, inda yaro zai zo ba ya jin komai sai Fulatanci. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, mai hedikwata a Kaduna, amma ɗan Fulanin da iyayensa suka zauna wuri ɗaya firamaren gari yake zuwa, kuma sau da yawa ba wanda zai ce masa sannu da harshen da ya sani. Ya yi shiru wata uku, a yanke masa hukuncin daƙiƙanci, alhali yaron yana fama ne da harsuna biyu baƙi a lokaci guda, Hausa da Turanci.

Manufar 2013 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin. Gwamnatoci suna ta kai-kawo a kan wannan batu, amma hujjar ba sabuwa ba ce. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Ra'ayina a nan a fili yake: ɗan shekara 4 da harshen da yake mafarki da shi ya kamata a tarbe shi. Inda harsuna suka haɗu, a nemi mataimakiya daga cikin al'ummar da ke jin harshen marasa rinjaye. Mace ɗaya Bafulatana mai takardar sakandare, a ba ta horo da ɗan albashi, za ta riƙe yaran ruga a makaranta fiye da duk wani gangamin wayar da kai. Wannan kuma shi ne maganin ƙarancin malamai mata a karkara, domin wadda aka turo daga birni neman canjin wuri take tun ranar da ta zo, 'yar gari kuwa gidanta ke nan.

Akwai yaran da harshensu ɗaya da na malama, amma abin da idonsu ya gani daban ne. 'Ya'yan mutanen da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato suna cikin ajujuwan nan. Yaron da ƙarar faɗuwar kwano ke sa shi ya shige ƙarƙashin benci ba tsawa yake buƙata ba. Akwai kuma masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da tsangwama ba. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano suna ƙoƙari, amma ba za su ɗauke yaran jiha guda ba, kuma ba uwar da za ta kai ɗan shekara 4 makarantar kwana. Yaron da shan inna ya taɓa, ko kurma, ko mai jinkirin fahimta, firamaren unguwarsu ce gatansa. Idan malama tana fama da yara 100, shi ne na farko da za a ce wa uwarsa ta riƙe shi a gida tukuna. Wannan "tukuna" ɗin sau da yawa ba ta da ƙarshe.

Wani bambancin kuma rashinsa ne yake damuna. A da, ɗan alƙali da ɗan hakimi da ɗan mai faskare aji ɗaya suke zama. Yau duk mai ɗan hali ya cire nasa, har da malaman makarantar da jami'an da ke kula da ita. Ban zargi uban da ya nema wa ɗansa abin da ya fi ba. Amma ajin da babu ɗan mai faɗa a ji a cikinsa, rufinsa zai yi shekara yana yoyo ba a ji ba. Kuma a ƙasar da addini da ƙabila suka sha raba mu, wannan tabarma ita ce wuri na farko da Musa da Bulus za su ci gyaɗa tare tun kafin wani ya gaya musu cewa akwai abin da ya raba su. Malama mai adalci, wadda ba ta fifita wani saboda sunansa ko addinin gidansu, aikin zaman lafiya take yi ko ba a rubuta mata shi a takardar aiki ba.

Na san akwai masu cewa yaro a wannan shekaru makarantar allo da Islamiyya sun ishe shi. Ina girmama wannan, kuma ban ga karo a tsakaninsu ba. Safiya daban, yamma daban, kuma yaron da ya koyi natsuwa da sauraro a nan zai kai su can. Wasu kuma suna cewa firamaren kanta ba ta da malamai, ina za a samo na rabin aji? Amsata ita ce kuɗin nan muna biyansa ko mun so ko mun ƙi. Muna biyansa a yaron da ya kai aji 4 bai iya karanta sunansa ba, uban ya ga ba riba ya mayar da shi kasuwa, shekarun da gwamnati ta kashe masa suka tafi a banza.

Don haka ina kira ga shugabannin SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi: a ɗaukar malamai na gaba, ku ware gurabe da suna domin waɗanda suka karanta ilimin ƙananan yara, ku tura su ajin da suka karanta dominsa, kowace da mataimakiya 'yar gari. Jihohin da suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kamar yadda Kano ta yi a 2024, su bayyana mana yara nawa ke gaban kowace malama a rabin aji, makaranta bayan makaranta. Malam hedimasta, wannan zangon ka gwada kai malamar da ka fi ji da ita wannan ajin.

Ku kuma iyaye, maza da mata, kada ku tsaya a bakin ƙofa ku miƙa yaro ku juya. Ku shiga ku ga inda yake zama, ku san sunan malamarsa, ku tambayi su nawa ne a hannunta. Idan adadin ya wuce hankali, ku kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta na al'umma, ku kai ta wajen mai unguwa da kansila, ku maimaita ta har a turo wata. Haƙƙin 'ya'yanku ne, doka ce ta ba su.